Araha, Ado da Alkawari: Darasi Daga Kasuwar Bindigogi Masu Sauƙin Kuɗi

Babu wata ƙasa a duniya da farar hula ke sayen bindiga kamar Amurka. A shekarar 2020 kaɗai, ƙungiyar masu masana'antun makamai ta ƙasar ta ƙiyasta cewa an sayar da bindigogi kimanin miliyan 21, kuma fiye da mutum miliyan 8 ne suka mallaki bindiga a karo na farko. Wani kaso mai tsoka na wannan ciniki ya faɗa ne a ɓangaren kaya masu araha, watau ƙananan bindigogi da bindigogin farauta waɗanda kuɗinsu kan kama daga dala 150 zuwa dala 350, a kasuwar da ƙaramar bindiga ta sanannen kamfani irin su Glock ke kaiwa dala 500 ko fiye.

Wannan ɓangare na kasuwa ya cancanci nazarin kowane ɗan kasuwa, ko da kuwa bai taɓa riƙe bindiga ba. Dalili kuwa shi ne, kaya ne da matsalarsa kan kai ga asarar rai, saboda haka duk dabarar da kamfani ya yi don rage kuɗin ƙira, da duk alkawarin da ya ɗauka wa mai saye, ba su daɗewa sai an baje su a gaban alƙali. Tarihin kasuwar na fiye da shekara hamsin ya nuna cewa daga cikin abubuwa uku da mai saye ke dubawa, watau farashi da kyan gani da garanti, na ukun ne ya fi fallasa ainihin darajar kaya, amma shi ma ƙarfinsa bai wuce ƙarfin aljihun wanda ya bayar da shi ba.

Yadda doka ta haifi kasuwa

Kafin 1968, akasarin ƙananan bindigogi masu araha da ake sayarwa a Amurka daga Turai ake shigo da su, musamman daga Jamus ta Yamma, inda kamfanin Röhm ya yi suna wajen ƙera libarba mai sauƙin kuɗi. Bayan kisan Martin Luther King a watan Afrilu na 1968 da na Sanata Robert Kennedy a watan Yuni, majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar taƙaita bindigogi, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a watan Oktoba. Dokar ta hana shigo da ƙananan bindigogin da ba su dace da wasanni ba, hukumomi kuma suka fito da tsarin ba da maki bisa tsawo da nauyi da irin ƙira da na'urorin kariya. Duk bindigar da ba ta kai makin ba, ba ta wuce tashar jirgin ruwa.

Sai dai dokar ta bar ƙofa biyu a buɗe. Ba ta hana shigo da akasarin sassa don harhaɗawa a cikin gida ba, kana ba ta ɗora wannan ma'auni a kan kayan da aka ƙera a Amurka ba. Nan da nan aka buɗe masana'antar RG a Miami, ana harhaɗa sassan da suka zo daga Jamus. A 1970 kuma wani maƙerin injuna mai suna George Jennings ya kafa kamfanin Raven Arms a kusa da Los Angeles, ya kuma sayar da ƙananan bindigogi aƙalla miliyan 2 kafin gobara ta cinye masana'antarsa a 1991. 'Yan uwansa da abokan iyalinsa suka bi sahu, suka kafa kamfanoni irin su Bryco da Davis da Lorcin da Phoenix, dukkansu a kewayen birnin. Wani likita mai bincike na Jami'ar Kaliforniya, Garen Wintemute, ya ba su laƙabin da ke nufin zoben wuta a cikin rahotonsa na 1994, inda ya nuna cewa a 1992 su ne suka ƙera kimanin kashi ɗaya cikin uku na dukkan ƙananan bindigogin da aka yi a Amurka.

'Yan kasuwar Nijeriya da suka ga abin da kan biyo bayan hana shigo da wasu kayayyaki ba za su yi mamakin wannan ba. Rufe iyaka ba ya kashe buƙata. Abin da yake yi shi ne ya canza wanda zai biya ta.

Inda arahar take fitowa

Tambayar farko da masanin tattalin arziki zai yi ita ce: me aka rage har farashi ya sauko zuwa sulusin na saura? Amsar tana wurare huɗu.

Na farko, irin ƙarfe. Bindiga mai tsada ana sassaƙa manyan sassanta ne daga dunƙulen baƙin ƙarfe, aikin da ke cin sa'o'in inji da albashin ƙwararrun ma'aikata. Masu araha kuwa sun koma ga wani haɗin tutiya da ake kira Zamak, wanda ke narkewa a zafin da bai kai digiri 400 a ma'aunin Salshiyas ba, alhali baƙin ƙarfe sai ya kai wajen digiri 1,400. Ana zuba shi a mazubi, cikin ɗan lokaci kaɗan ya fito da siffarsa, saura 'yar gyara. Daga baya roba mai tauri ta maye gurbin ƙarfe da katako a gangar jiki da mariƙi.

Na biyu, sauƙin ƙira. Kamfanin Hi-Point na jihar Ohio, wanda ya fara a farkon shekarun 1990, ya zaɓi tsari mai ƙarancin sassa, inda nauyin murfin sama ne ke riƙe ƙarfin harbi. Sakamakon haka bindigarsa mafi shahara, C9, ta zama ƙatuwa mai nauyi, ta haura giram 800, amma shekara da shekaru ana samunta a kan kuɗin da bai wuce dala 200 ba.

Na uku, kuɗin ƙwadago da canjin kuɗi. Kamfanin Mossberg yana harhaɗa bindigarsa ta farauta mai araha, Maverick 88, a garin Eagle Pass na jihar Texas da ke bakin iyaka, wasu sassanta kuma daga Meziko suke zuwa. Alƙaluman hukumar kula da makamai ta Amurka sun nuna cewa a 2020 ƙasashen Turkiyya da Austriya da Brazil kowace ta aika bindigogi fiye da miliyan ɗaya zuwa ƙasar, kuma Turkiyya ce a kan gaba. Ƙauyukan Huğlu da Üzümlü na lardin Konya sun daɗe da sana'ar ƙera bindigogin farauta, ga kuma manyan masana'antu irin su Canik a Samsun da Tisas a Trabzon. Faɗuwar darajar lira, daga ƙasa da 2 a kan dala ɗaya a 2012 zuwa fiye da 30 a 2024, ta taimaka wa kayansu wajen gogayya a kasuwar dala.

Na huɗu, binciken inganci. Nan ne wurin da mai saye ba ya gani. Kamfani na iya gwada kowace bindiga kafin ta fita, yana kuma iya gwada ɗaya cikin ɗari. A kanti duka biyun kamarsu ɗaya.

Akwai kuma kuɗin da ba ya raguwa ko yaya aka yi. Gwamnatin tarayyar Amurka tana karɓar harajin kashi 10 cikin 100 a kan ƙananan bindigogi da kashi 11 cikin 100 a kan dogaye da harsasai, tun daga bakin masana'anta. Bayan haka ga ribar mai sari da ta mai kanti, ga kuɗin inshora da na lauyoyi. Abin da ke rage wa maƙeri a kan kowace bindiga mai araha ɗan kaɗan ne, shi ya sa cinikin ya dogara kacokan a kan yawa.

Ado da abin da yake ɓoyewa

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Kamfanonin Kaliforniya sun yi ƙoƙarin ƙaryata wannan karin magana. Suna shafa wa tutiya ruwan ƙarfe mai ƙyalli, su liƙa mariƙi mai kama da hauren giwa ko lu'ulu'u, sai kaya ya fito yana walƙiya a akwatin gilashi. Kuɗin wannan ado ba shi da yawa, amma yana sa mai saye ya ji kamar ya sami abin da ya fi kuɗinsa. Ƙyallin bai ƙara wa bindigar ƙarko ko aminci ba ko kaɗan.

Hi-Point ya bi wata hanya dabam. Masu sha'awar bindiga a Amurka sun daɗe suna yi wa kayansa ba'a, suna kwatanta su da tubali saboda muni da nauyi. Kamfanin bai kashe kuɗi wajen musantawa ba, har ma a 2019 ya bar jama'a suka zaɓa wa sabon samfurinsa suna ta intanet, ya kuma amince da sunan barkwancin da suka fito da shi. Muni ya zama wani ɓangare na tallarsa, domin saƙon da yake isarwa shi ne cewa ba a kashe ko sisi a kan kwalliya ba.

Kamfanin SCCY na jihar Florida, wanda aka kafa a 2003, ya ɗauki hanya ta uku. Da yake canza launin roba ba ya cin kuɗi sosai, sai ya fito da bindiga iri ɗaya cikin launuka masu yawa, har da ruwan hoda da shuɗi da ruwan lemo, don jawo sababbin masu saye, musamman mata.

Kada a ɗauka cewa ado ba shi da wani muhimmanci a lissafi. A kasuwar kayan hannu, bindigar farauta mai gindin katakon goro da kyakkyawan fenti kan riƙe darajarta shekaru da dama, alhali mai araha kan yi asarar babban kaso na kuɗinta tun ranar da ta bar kanti. Bugu da ƙari, fenti mai kyau kariya ce daga tsatsa. Abin lura dai shi ne, ado iri biyu ne: akwai wanda ya fito daga kyan aiki, akwai kuma wanda aka shafa don rufe rashinsa. Idon sabon mai saye ba ya iya rarrabewa, kuma wannan ne ya sa garanti ya zama dole.

Garanti bashi ne

A 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof ya wallafa wata maƙala a kan kasuwar tsofaffin motoci, wadda tana cikin ayyukan da suka sa ya sami lambar yabo ta Nobel a 2001 tare da Michael Spence da Joseph Stiglitz. Ya nuna cewa idan mai sayarwa ya san ingancin kaya amma mai saye bai sani ba, mai saye zai ƙi biyan kuɗin kaya mai kyau don tsoron a yi masa sakiyar da ba ruwa, masu kaya mai kyau su janye, kasuwa ta cika da tarkace. Ɗaya daga cikin magungunan wannan cuta shi ne mai kaya ya ɗauki alkawarin da zai yi wa maƙaryaci tsada, amma ya yi wa mai gaskiya sauƙi. Garanti ke nan.

Ga misali na lissafi kawai, ba alƙaluman wani kamfani ba. A ce maƙeri yana samun ribar dala 20 a kan kowace bindiga, kuma gyaran guda ɗaya tare da kuɗin aikawa yana cin dala 60. Idan uku cikin ɗari suka dawo, zai kashe dala 180 daga ribar dala 2,000, abin da bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Idan kuwa talatin cikin ɗari suka dawo, zai kashe dala 1,800, watau kusan ribar gaba ɗaya ta tafi. Saboda haka kamfanin da ke sayar da kaya da ƙaramar riba, ya kuma daɗe yana cika alkawarin gyara kyauta, ya ba da shaida a kan ingancin kayansa wadda ta fi kowace talla ƙarfi.

A kan wannan ne Hi-Point ya gina sunansa. Garantinsa na tsawon rayuwar bindiga ne, yana kuma bin bindigar ko da ta canza hannu sau nawa. Sauƙin ƙirarsa ya sa sassa ba su da tsada, gyara kuma ba ya ɗaukar ma'aikaci lokaci. Haka nan kamfanin Taurus na Brazil, wanda aka kafa a Porto Alegre a 1939, ya yi amfani da wannan makami wajen kutsawa kasuwar Amurka. A 1980 ya sayi masana'antar Beretta da ke São Paulo tare da injunanta, a 1984 kuma ya shelanta cewa zai gyara kayansa kyauta har tsawon rayuwarsu. A lokacin Amurkawa ba su amince da kayan Brazil ba, alkawarin ne ya buɗe masa ƙofa.

A wajen akanta kuwa, garanti bashi ne tun ranar da aka sayar da kaya. Ƙa'idojin lissafi na duniya, waɗanda Nijeriya ta fara aiki da su daga 2012, sun wajabta wa kamfani ya ƙiyasta abin da zai kashe a kan gyara nan gaba, ya rubuta shi a matsayin nauyin da ke kansa. Kamfanin da ya yi alkawari bai ware masa kuɗi ba, ribar da yake nunawa a takarda ba duka ce tasa ba.

Dokokin Amurka sun ƙara wa al'amarin nauyi. Hukumar kare lafiyar masu amfani da kayayyaki, wadda ke da ikon tilasta janye keken yara ko tukunyar lantarki daga kasuwa, ba ta da iko a kan bindigogi, domin majalisa ta cire su daga hurumin hukumar tun shekarun 1970. Ke nan mai bindigar da ke da aibi ba shi da madafa sai garanti ko kotu. Ko dokar 2005 da ta kare masu ƙera makamai daga ƙararrakin laifukan da wasu suka aikata da kayansu, ta bar ƙofa ga ƙarar saɓa garanti da ta aibin ƙira.

Wani abin mamaki shi ne kamfanin Ruger, ɗaya daga cikin manya a ƙasar, ba ya ba da rubutaccen garanti ko kaɗan. Yana bayyana wa masu saye cewa sharuɗɗan dokar garanti ta 1975, wadda ake kira Magnuson-Moss, su ne suka sa ya zaɓi haka. Duk da haka ya yi suna wajen gyara kayansa ba tare da jayayya ba. Wannan ya nuna cewa takarda dabam, hali dabam.

Idan alkawari ya fi ƙarfin mai shi

Misalai huɗu sun isa su nuna iyakar garanti.

Na farko shi ne Bryco. A 1994 wani yaro ɗan shekara 7 a Kaliforniya ya sami shanyewar jiki bayan da bindigar kamfanin ta tashi a hannun wani da ke ƙoƙarin cire mata harsashi. An ƙera ta ne ta yadda sai an buɗe makullin kariya kafin a iya cire harsashin. A 2003 masu taya alƙali yanke hukunci a Oakland suka ɗora wa kamfanin da abokan cinikinsa diyyar kimanin dala miliyan 24. Nan take Bryco ya shelanta karyewa. A 2004 tsohon shugaban ma'aikatan masana'antar ya saye injunan a kan dala 510,000, ya ci gaba da ƙira da sabon suna, Jimenez Arms, wanda shi ma ya karye a 2020. Kafin wannan, Lorcin ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 1996, Davis kuma a 1999. Ban da ƙararraki, jihohi irin su Maryland a 1988 da Kaliforniya a 1999 sun kafa dokokin tantance inganci, wasu kuma irin su Illinois da Minnesota suka hana sayar da ƙananan bindigogin da ƙarfensu ke saurin narkewa. Daɗin daɗawa, sunayen waɗannan kamfanoni sun yi ta fitowa a sahun gaba cikin jerin bindigogin da 'yan sanda ke kamawa a wuraren aikata laifi a shekarun 1990, abin da ya zubar musu da mutunci, ko da yake masu kare su na cewa talaka ma yana da haƙƙin kare gidansa da abin da aljihunsa zai iya.

Na biyu shi ne Taurus. Masu saye sun shigar da ƙarar haɗin gwiwa a kotun tarayya da ke Florida, suna zargin cewa wasu samfurori tara na iya tashi idan sun faɗi ƙasa. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2015 ya amince da sulhu wanda ya shafi bindigogi kusan miliyan ɗaya, kotu kuma ta tabbatar da shi a 2016. Sulhun ya tanadi biyan kuɗi har zuwa dala 200 a kan kowace bindigar da aka mayar, muddin jimlar ba ta wuce dala miliyan 30 ba, ko kuma faɗaɗa garanti ga wanda ya fi son haka. Taurus ya tsira saboda yana da girman da zai iya ɗaukar asarar, har ma ya buɗe sabuwar masana'anta a Bainbridge ta jihar Georgia a 2019. Amma lamarin ya nuna cewa garantin gyara na magance kayan da suka lalace ɗai-ɗai ne, idan kuwa aibin yana cikin ƙirar ne, to duk abin da aka sayar na iya dawowa a lokaci guda.

Na uku shi ne Remington, wanda tarihinsa ya faro tun 1816. Bashi ya durƙusar da shi a 2018, ya sake karyewa a 2020, aka yi gwanjon sassansa ga masu saye dabam-dabam. Ruger ya sayi sunan Marlin da kayan aikinsa a kan kusan dala miliyan 30, amma bai ɗauki nauyin garantin da tsohon mai kamfanin ya bayar ba. A dokar karyewar kamfani, ana iya sayen suna da injuna a bar bashi a baya, mai riƙe da takardar garanti kuwa yana can ƙarshen layin masu bin bashi.

Na huɗu shi ne SCCY mai launuka. Ya tallata garantinsa da cewa na dindindin ne, yana bin bindiga daga hannu zuwa hannu. A 2025 kamfanin ya daina aiki bayan matsalar bashin haraji, aka yi gwanjon injunansa. Garantin dindindin ya ƙare ranar da aka rufe ƙofa.

Akwai kuma ƙananan sharuɗɗan da mai saye ba ya karantawa sai ranar buƙata. Wa zai biya kuɗin aikawa, alhali aika bindiga yana da ƙa'idoji masu tsauri da tsada? Mako nawa gyara zai ɗauka? Idan kayan na waje ne, wa ke da alhaki, maƙerin da ke Konya ko mai shigo da kaya da ke Amurka? Sau da yawa masana'anta guda a Turkiyya kan ƙera kaya iri ɗaya ga 'yan kasuwa da dama, kowa ya buga sunansa. Idan ɗaya ya bar harkar, wanda ya sayi kayansa kan rasa inda zai sami ko da sifirin.

Inda babu doka, babu garanti

Al'amarin ya sha bamban a Nijeriya, inda mallakar bindiga ba haƙƙin kowa ba ne, izini ne da hukuma ke bayarwa. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta, har da ƙananan bindigogi da na soja, sai da izinin Shugaban Ƙasa, na farauta da makamantansu sai da lasin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma sai da izinin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Shigo da makamai na buƙatar takardar shaida daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, ga kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 da ta taƙaita safarar ƙananan makamai a yankin. Masana'antar DICON da aka kafa a Kaduna a 1964 domin jami'an tsaro take aiki.

Duk da haka, guguwar kayan araha ta taɓa ƙasar ta barauniyar hanya. A 2017 Hukumar Kwastan ta kama bindigogin farauta masu ɗurin hannu har sau huɗu a Legas: 661 a watan Janairu, 440 a watan Mayu, sai 1,100 da kuma 470 a watan Satumba, jimla 2,671, kuma hukumar ta ce akasarinsu daga Turkiyya aka yi lodinsu. A watan Yulin 2024 ta sake ba da sanarwar kama bindigogi 844 da harsasai 112,500 a tashar Onne ta jihar Ribas, su ma daga Turkiyya. Ana ɓoye irin waɗannan kaya ne cikin kwantena, a bayyana su a takarda da sunan ƙofofi ko kayan gini.

A irin wannan kasuwa duk lissafin da aka yi a sama ya rushe. Kayan da ke da araha a inda aka ƙera su kan yi tsada ninki-ba-ninki, domin an ɗora musu kuɗin haɗarin fasa-ƙwauri. Ba rasit, ba garanti, ba sassan gyara, kuma wanda aka cuta ba zai iya kai ƙara ba, don shi kansa mai laifi ne a gaban doka. Ita ce kasuwar da Akerlof ya siffanta, ba tare da maganinta ba. Asarar ba ta tsaya kan mai saye ba. Duk kwantenar makamai da aka kama kan sa a tsananta bincike a tashoshin ruwa, kuma halattattun 'yan kasuwa ne ke biyan kuɗin jinkiri da na ajiya.

Abin da ɗan kasuwa zai ɗauka

Darasin ya wuce bindiga. Mai sayar da janareta a Alaba, da mai babura a Nnewi, da mai wayoyin hannu a Farm Centre ta Kano, duk suna fuskantar tambayoyi iri ɗaya, domin su ma akasarin kayansu masu araha ne daga masana'antun da mai saye bai taɓa gani ba.

Kafin ɗan kasuwa ya ɗauki wakilcin wani kaya, ya kamata ya san a ina aka rage kuɗi. Ragin da aka yi a kan fenti da kwali ba shi da illa, wanda aka yi a kan abin da ya shafi lafiyar mutum kuwa bashi ne da zai zo da ruwa. Ya kamata kuma ya binciki shekarun kamfani da ƙarfin jarinsa, ya tabbatar a rubuce wa zai biya kuɗin gyara da na sufuri, ya kuma nemi a haɗa masa sassan gyara a cikin lodin farko. Sa'an nan ya riƙa rubuta adadin kayan da ake dawo masa da su, domin wannan adadi ne zai gaya masa ko ribarsa ta gaske ce.

Doka ma ta riga ta ɗora masa nauyi. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ba su da inganci cikin wata uku, a gyara masa, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Rubutun da ake yi a ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, bai isa ya kore wannan haƙƙi ba.

Kamfanonin Kaliforniya masu ƙyalli akasarinsu sun shuɗe, mai kayan da ake wa dariya a Ohio kuwa ya haura shekara talatin yana ciniki. Bambancin shi ne ɗaya ya kashe kuɗinsa a kan abin da ido ke gani a kanti, ɗayan kuma ya ware nasa don ranar da mai saye zai dawo da ƙorafi. Alkawari kaya ne, in ji masu iya magana, kuma ɗan kasuwa mai hangen nesa kan auna nauyinsa kafin ya ɗora wa kansa.